Butar Musbahu da Ƙarfen Baranda

Musbahu jikan maƙeran Tawa ne, kuma ko ba ka tambaya ba sai ya faɗa maka. A bakin siliman Roxy, a Abidjan, ya koyi walda, har furfura ta fito masa yana haɗa ƙofofi da tagogi a Adjamé. Babbar abokiyar aikinsa buta ce. Da ya gama walda sai ya tsiyaya wa ƙarfen ruwa, ya ji "cuu", ya yi murmushi. Haka kakansa yake yi wa lauje, ragowar ruwan kuma ya isa alwala.

Da ya samu aiki a wata masana'antar ƙarfe a Treichville, aka ce sababbin ma'aikata sai sun zauna a aji tukuna. Abin ya ƙona masa rai. Shi za a koya wa ƙarfe? Malamar ma, Haulatu, sa'ar 'yarsa ce, haihuwar Abidjan, Hausarta da ƙyar. Ya koma can baya yana tauna goro, ita kuwa tana bayanin yadda ake narka tama, da yadda ɗan gawayin da ke cikin ƙarfe yake sa shi tauri.

Sai ta ɗauko rodi biyu da aka yi wa walda, ta nufo shi tana kiransa kawu da Faransanci. "Tonton, wannan da kansa ya huce, wannan an zuba masa ruwa. Ale, maza buga mu gani."

Ya sa guduma. Na farko ya lanƙwashe, na biyu ya karye ƙas kamar rake.

"Rodi mai zafi ba ya son ruwa," in ji ta. "Waje lafiya, ciki ya tsage."

Goron ya tsaya masa a baki. Ƙarfen barandar mahaifiyarsa Hajo, a hawa na uku a unguwar 220 Logements, shi ya haɗa shi da rodi, da butarsa. Kullum da la'asar a kansa take jingina, ta zura wa mai sayar da aceke, abincin rogo, kwando da igiya.

Ko sallama bai yi ba ya fice. Gbaka, motar hayar da ya shiga, tana rarrafe a kan gada, tsoro yana cinsa. Ya sami Hajo a baranda, igiya a hannu.

"Inna, ja da baya!"

"Kai, lafiya? Ba kai ka ce har jikokina za su gaji ƙarfen nan ba?"

Ya kama ƙarfen ya fizgo ciki, sai ga shi ya biyo hannunsa. Ya zauna daɓas a ƙasa rungume da shi, hawaye suna zuba.

Washegari shi ne a kujerar gaba. "Malama," ya ce, "don Allah ki sake daga farko."