Na Tsare Wuta, Ban Tsare Ma'aunin Albarushi Ba

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni mai awo ce a cikin garin Wudil, matar maharbi, kuma macen da unguwa ta sani da faɗa. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta min, na kuma ce kada a canza min magana. Gero da dawa da wake nake aunarwa a soron gidanmu, ranar Juma'a in fita kasuwa. Idona ba ya barin komai ya wuce a gidan nan, har maigidana ya sa min suna 'yar doka, yana cewa da gwamnati ta san da ni da ta sallami masu gadi. Abin da kuma nake alfahari da shi, kwanona ba ya tashi a shafe. Sai ya yi tozo, sannan in ɗebo gyara da tafin hannu in ƙara wa mai saye. Haka na ga mahaifiyata tana yi, haka na tashi ina jin malamai suna tsoratar da masu tauye awo. A wurina cika ma'auni ibada ne, ban taɓa tunanin akwai inda yake zama sharri ba.

Maigidana noma yake yi a Lajawa da damina, in an gama kaka ya shiga daji. Adaka, bindigar nan ta gargajiya, ya gada wurin mahaifinsa, tare da wani ɗan ƙaho da aka yanke wanda ake auna albarushi da shi. A al'adarsu ta maharba mace ba ta taɓa kayan harbi, ba ta tsallaka su, ni ma ban taɓa ba. Amma tsaron ɗakin da albarushin yake, wannan nawa ne. Babu ashana a kusa da shi, babu fitilar ƙwai, babu mai wucewa ta ƙofar da garwashi a kasko. Jikokina sun san inda ƙafarsu take tsayawa. Na taɓa korar baƙon maigida daga soro don ya kunna taba, dattijo da furfurarsa, ya tafi yana cewa a gidan nan ba a san wane ne mijin ba. Shekara da shekaru ko tartsatsi bai taɓa tashi ba, ni kuma na ɗauka na gama aikina.

To sai daji ya fara ja da baya. Inda ake samun gada da barewa duk ya zama gona, naman da ya rage ya yi wayo, ba ya bari a matso shi. Ga girma ya kama maigida, sanɗa ta fara gagarar gwiwarsa. Adaka kuwa sai a kusa. Yakan dawo da zomo ɗaya ko zabuwar daji, yara maharba suna yi masa tsiya wai Baba ya koma farautar gafiya. Yana dariya a gabansu, amma ni da nake zuba masa tuwo na san abin yana cin sa. Ana haka wani abokinsa da ke bin farauta can kudu ya haɗa shi da wata doguwar bindiga mai nauyi, wadda aka ce tana kai wa nama daga inda mutum ba zai ma rarrabe ƙaho da kunne ba. Harsashinta ya fi yatsana tsawo, samunsa kuma wahala. Sai ya zama in ya harba ya tsince kwanson, ya dawo gida ya sake cika shi da hannunsa da wani irin albarushi na zamani, ba irin baƙin nan namu ba.

Abokin nan ya ja masa kunne, a gabana ma aka yi. Ya ce wannan albarushin ba a auna shi da ido ko da ƙaho, sikeli ne da shi ɗan ƙarami, kuma abin da za ka raina a bakin farce yana iya zama bambancin lafiya da asibiti. Ya ce in babu sikelin gara a haƙura. Maigida ya kwashe da dariya, ya ce shi da ya fara ɗura bindiga tun kafin a yi wa wancan kaciya, yau shi za a koya wa awo? Ya ce ƙahon nan ya ciyar da gida uku, bai taɓa cin amana ba. Ni kuwa dama haushin mutumin nake ji, don bai taɓa sallama a gidanmu ba sai an sauke tukunya. Da ya fita na ce wa maigida rabu da shi, wanda bai san awon cikinsa ba ina zai san na bindiga. Muka yi dariya mu biyu.

Da hantsi yakan shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakin ya jera kwansunan, ni ina daga nesa ina tankaɗe, idona a kan murhu da yara. Ina ganin sa yana cika ƙahon har ya yi tozo, sannan ya ɗan ƙara da yatsu biyu. Na tambaye shi ƙarin na mene ne. Ya ce 'yar doka, ke kaɗai kika iya gyara? Naman ya yi nisa, dole a ƙara wa harsashi guzuri. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ashe zama da ni bai tashi a banza ba, mutumin nan ba ya rowa ko ga bindigarsa.

Alamu sun zo, ba su ɓuya ba. Kafaɗarsa ta dama takan kumbura ta yi baƙi, ni nake gasa masa da ruwan zafi in shafa man shanu, ina mita wai tsoho da shi bai san ya girma ba. Kunnensa ya fara nauyi, sai na maimaita magana. Wata rana na ga yana fama da wani siririn ƙarfe yana zungurar kwanson da ya maƙale a cikin bindigar ya ƙi fita. Ina shara kuma nakan ga waɗanda ya zubar, bakinsu a tsage. Duk na gani. Amma da ya kawo barewa guda, maharba suka cika soro ana ta kirari, sai na fassara komai da cewa ƙarfin bindiga ne. Waɗanda suka yi masa tsiyar gafiya ma har da su a cin nama.

Ranar da abin ya faru muna gona a Lajawa, ina roron wake, shi yana ɗaure dami. Rana ta ɗan karkata. Sai ya tsaya cak, ya nuna min can bakin fadama, wai gada. Ni ko alamarta ban gani ba. Na ce Malam wannan ai ta yi nisa, bar ta. Ya ce don irin wannan ranar aka yi gyara. Ya ɗauko bindigar daga gindin kuka, ya durƙusa, ya ɗora ta a kafaɗa, ya harba. Na san ƙarar bindigarsa kamar yadda na san tarinsa, wannan ba ita ba ce. Kamar an fasa dutse a cikin kaina. Da hayaƙi ya washe na gan shi a zaune, bindigar ta dare, yana kallon hannunsa na hagu da ido ɗaya, yana ta salati. Da ɗankwalina na ɗaure hannun. Wasu masu yankan kara suka ɗauke shi zuwa titi, daga nan aka wuce da mu asibiti a Kano.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma yatsu uku sun tafi, idon dama ya tafi, kunne sai an yi ihu. Abokin nan da na raina shi ne ya fi kowa zarya a asibiti, bai taɓa ce mana ai na faɗa ba, kuma ko ruwanmu bai sha ba. Da na ba shi haƙuri sai ya ce Yaya bar zancen, ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce. Sai dai ƙaddarar nan a gabana aka auna ta, ina kallo ina murmushi.

Yanzu gonar tana hannun 'ya'yanmu, kowa da hidimarsa, rabin ta ma ba a nomawa. Ni nake zuba masa ruwan alwala, ni nake ɗaure masa mazagi, ni nake cire masa ƙaya a kifi. Na gaji, ba zan ɓoye ba, bayana ba ya miƙewa da safe. Shi kuma mutumin da bakinsa bai taɓa mutuwa ba ya zama sai kallo. Ya daina ce min 'yar doka. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Abin da ya sa na ce a rubuta, ina ganin samari maharba da 'yan sintiri suna wucewa da bindigogin zamani, ina kuma jin ana cewa wane ya iya cika harsashi da kansa. 'Ya'yana, abin da kakanninku suka sani na adaka daban, wannan daban. In ba ku da sani da kayan awon da abin yake buƙata, ku bar shi, nama bai kai hannu ba. Ku kuma mata, ba a ce ku taɓa kayan ba, amma ba a hana ku magana ba. In kin ga kafaɗa tana kumbura, kwanso yana tsagewa, kada ki tsaya gasawa kawai kamar yadda na yi.

Har yau ina awo, kuma har yau kwanona da tozo yake tashi, don hatsi ne. Kwanaki wani yaro maharbi ya zo gaishe da maigida, ya roƙi a ba shi ƙahon don albarka. Kafin in buɗe baki maigida ya ɗaga masa hannun nan mai yatsu biyu, ya riƙe shi a gaban fuskarsa bai sauke ba. Yaron ya sunkuyar da kai, ya nemi takalmansa.