Akwatunan Jita a Gonar Dawa

Maƙwabcina a Funtua, mutumin kudu, yana haɗa ƙananan akwatunan ƙarfe da ake takawa don sauya sautin jita. Duk akwatin da ya huda a karkace, sai ya yar. Na roƙe shi, na kwashe su zuwa gona, na rataye a igiya don korar tsuntsaye.

Tsuntsaye kam sun gudu. Amma idan iska ta ratsa hujin akwatunan, sai su riƙa nishi kamar tsohuwa mai ciwon ƙirji. 'Yan ƙwadagon da na ɗauko girbi suka ja tunga a bakin gona.

"Malam, gonar nan da masu ita," in ji babbansu. "Ba mu shiga."

Dawa ta bushe, ba ta jira. Na kwance akwatunan duka a gabansu, na zuba a buhu, na ɗaure. Suka shiga.

Da la'asar ina ɗaure dami, nishin ya dawo daga tsakiyar gona. Na dafa buhun, yana nan a ɗaure. Na ɗaga murya da hira, kada su ji, har muka gama.