Hannun Firmin

Firmin Gaudry ɗan tsamurmurin mutum ne, buhun alkama ma ya fi shi nauyi. Ya yi ƙuruciyarsa kaf a kan dawakin tsere a filayen da ke kewaye da Paris, har ana cewa komai taurin kan doki, da ya ji hannun Firmin a linzami sai ya natsu. Da furfura ta fara fito masa, masu dawaki suka daina kiransa. Ba faɗa, ba sallama, kawai suka daina. Matarsa Honorine ta kama wankau da guga, shi kuwa ya koma zaman kashe wando a bakin ƙofa. Ba abin da yake so a duniya illa a sake cewa hannun nan nasa yana da amfani.

A shekarar 1909 haukan jirgin sama ya kama Faransa. Duk mai ɗan hali da rumfa a bayan gida sai ya ce shi ma zai tashi. Cikinsu har da wani Injiniya Dorval, wanda ya harhaɗa nasa da gora da yadi da waya, fukafukai uku a kan juna. Injin ƙarami ne, ba zai ɗauki ƙato ba, shi kuma Dorval tumbinsa kaɗai ya isa ya hana abin motsi. Aka ce masa ai ga Firmin can yana zaune. Ya nemi ya tuƙa masa jirgin, Firmin ya amsa nan take.

"Wai kai tsoho, hauka kake?" in ji Honorine. "Doki in ya kayar da kai, ciyawa tana kusa. Wannan fa?"

"Ke dai goge mini rigar tserena."

Ta goge tana ƙunƙuni.

A filin tashi, Dorval ya nuna masa sandar tuƙi. "In ka ja, hancinsa ya ɗaga. In ka tura, ya sunkuya. In iska ta fizge shi, tura. Kar ka ja, ka ji ko?"

"Haba ranka ya daɗe! Na hau abin da ke cizo da harbi. Wannan ko haƙori ba shi da shi."

Aka murɗa farfela, injin ya ɗauka, warin man zurma ya cika wurin. Abin ya ruga yana tsalle-tsalle, sai ga shi a sama. Wallahi ya tashi! Ya wuce kan bishiyoyi, mutane na jifa da huluna, Firmin na dariya shi kaɗai, zuciyarsa fari fat.

Sai iska ta buge shi, jirgin ya zabura da hancinsa sama. Firmin bai manta da maganar Dorval ba, tana cikin kansa sarai. Hannun ne bai ji ba. Hannun da ya saba in dabba ta zabura a ja ta, shi ya fizgo sandar har ƙirji. Jirgin ya miƙe tsaye, ya ɗan dakata, sannan ya rikito ta wutsiya.

Ƙafafu biyu da ƙugu suka karye. Likita ya ce tafiya kam sai dai a tura shi.

Dorval ya zo asibiti da ɗan kwandon inabi, yana faɗa wa duk mai kunne cewa jirginsa lafiyarsa ƙalau, matuƙi ne ya yi shirme. Honorine ta wanke shi tas, ta bi shi da inabinsa har bakin matakala. Abin da ke cin ran Firmin shi ne mai tumbin nan gaskiya ya faɗa.

Aka ɗinke yadin, aka sake gorar, aka ɗauko wani ɗan tseren keke wanda bai taɓa riƙe linzami ba, aka ba shi tuƙin. Wata ranar Lahadi da hantsi, Firmin na kwance a asibiti sai ya ji ƙarar injin nan da ya sani tana tahowa, santsi, ba ko gargada. Majinyata masu iya tashi duk suka yi taga, masu jinya ma haka.

Honorine ta zauna tana riƙe da hannunsa. Ƙarar ta matso kan rufin. Ta yi haƙuri iya haƙuri, sannan ta zare hannunta a hankali, ita ma ta je ta leƙa.