Ticha Dauda Ne Na Ɗaya

'Yan'uwa, yau na ga sunan marigayi maigidana a inda ban taɓa zato ba.

Bitrus ɗana yana can yana bautar ƙasa, sai ya roƙe ni in kai kwamfutarsa ta wasannin gem shagon Malam Sani mai gyara. Wai ma'ajiyarta, SSD suke ce mata, ta fara mutuwa.

Malam Sani ya ce, "Mama, sabuwar da za a sa, ƙarama ko babba? In ƙarama ce, sai an zubar da tsofaffin gem."

Na ce a zubar, ai babansa kullum faɗa yake a kansu.

Malam Sani ya buɗe wani na tseren mota, sai ga jerin sunayen gwanaye. Ya ce, "Waye Ticha Dauda? Shi ne na ɗaya, Bitrus na biyu."

Na matso, na karanta da kaina, harafi-harafi. Shi ne, maigidana!

Na kira Bitrus. Ya yi ta dariya: "Mama, duk ranar da kika tafi zumuntar mata, Baba ke ture ni daga kujera. Ya ce in na faɗa miki, ba ni ba tsire."

Na zauna a benci. Na ce, "Malam, sa babbar. Kada ka taɓa masa motarsa."