Kabarin da Yaya Modu Yake Sharewa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Modu, dillalin fata a Kasuwar Shanu ta Maiduguri, kuma ban taɓa jin haushin rashinsa kamar wannan makon ba.

Kullum na kunna rediyo sai na ji wata gwamnati a Turai ko Amurka ta kafa kwamitin yaƙi da ƙyamar Yahudawa, ta naɗa wakili na musamman, ta kira taro. Madalla. Da Yaya Modu na nan, na san zai tambaya ko a cikin masu taron akwai wanda ya iya riƙe fartanya. Shi da fartanya ya yi nasa aikin.

Tun muna samari akwai wani Bayahude ɗan Tarabulus da ke zaune a bayan unguwarmu ta Fezzan, ana ce masa Ishaku mai fata. Shi da Yaya Modu sun daɗe suna ciniki, suna faɗa a kan ingancin ƙirgi, su dawo su sha shayi tare. Da ajali ya sami Ishaku a nan, aka rasa inda za a kai shi, sai aka binne shi a wani fili gefen gidansa. Kafin matarsa ta koma ƙasarsu ta roƙi Yaya Modu ya riƙa duba wurin. Ta ce a al'adarsu duk wanda ya ziyarci kabari yana ajiye ɗan dutse a kai.

Haka ya yi ta yi. Duk ƙarshen damina ya nome ciyawar, ya share, ya ɗora dutse ɗaya. Maiduguri ba garin duwatsu ba ce, don haka wajen masu gini yake roƙo. Da tulin ya yi girma, sai unguwa ta ce Modu ya fara tsafi. Har wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, “Modu, ka ji tsoron Allah.” Ya ce, “Baba, tsoronsa ne ya kai ni can. Amana aka ba ni.”

Kada a ɗauka ba ya jin zafin abin da ake yi wa Falasɗinawa. Ya sha kashe rediyo don takaici. Amma yakan ce Ishaku bai harbi kowa ba, fata ya saya.

Yanzu an sayar da filin. Wanda ya saya mutumin kirki ne, ya ce in kabari ne ba zai ɗora shago a kai ba, zai kewaye shi. Bulama, mai unguwarmu, ya tara mu ya tambaya ko da gaske akwai kabari a filin. Na miƙe na faɗi abin da na sani. Sauran kuwa, tsofaffin da suka ga binnewar da idonsu, kowa ya sunkuya yana jan carbi. Ɗaya ya bi ni waje yana raɗa mini, “Kai ma ka san zamanin nan. Wa zai so a ce ya tsaya wa Bayahude?” Wallahi na ji kunya, na kuma ji kamar in shaƙe shi.

Ni ma ba ni da bakin cika baki. Tun da Yaya Modu ya rasu sau biyu kawai na je wurin, shi ma ina waige-waige. Bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a jarida ba. Abin da ya bari shi ne alkawari ɗaya da ya riƙe wa matar da bai sake gani ba, ga shi muna neman zubar da shi.

Bulama ya ce maganar mutum ɗaya ba ta isa ba, in kawo shaida na biyu kafin Asabar, ranar da za a fara haƙa harsashi. Na bi gida bakwai. Wani ba ya nan, wani ya manta, wani ƙafa ta hana shi fita. Mutum ɗaya na sani a garin nan da zai zo ba sai an roƙe shi ba, kuma da hannuna na sa shi a ƙasa.