Zanen Alli a Bayan Faifai

A layin masu gyaran mota Madubi ake ce masa, kuma a wurin aiki sunan ya same shi. Mota za ta shigo rumfarsa fuska a murtuke, rana ta shanye mata launi, tsumman masu wanki ya bar mata zane-zane kamar saƙar gizo, bayan kwana biyu ta fita mai ita yana gyara wuyan rigarsa a jikin ƙofarta. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki. Da wankin mota ya fara, ya koma shafa mai da tsumma, har ranar da mai fenti, wanda shi ne mai garejin, ya miƙa masa injin goge fenti ya ce ya gwada a kan wata tsohuwar ƙofa da aka yar. A lokacin babu furfura ko ɗaya a kan su biyun.

Fentin mota, in ji Madubi, hawa-hawa ne. Launi yana ƙasa, a samansa kuma akwai wata fata garai kamar ruwa, wadda ba ta kai kaurin takarda ba. Duk ƙarzuwar da ido ke gani a wannan fatar take. Mai gogewa ba cike ramin yake yi ba, rage fatar yake kaɗan-kaɗan har ta sauko daidai da gindin ramin. In bai rage sosai ba, zane yana nan. In ya zarce, ya huda ta, sai dai a sake fesa sabon fenti. A wannan ɗan tsakanin ya yi rayuwarsa, a ciki ya yi aure, a ciki ya raini 'ya'ya uku.

Tsohon injinsa mai nauyi ne, faifai ɗaya da soso a fuska, yana juyawa wuri guda da gudu. Yana cin fenti da sauri, yana kuma tara zafi, shi ya sa Madubi yake da wata al'ada tasa da kowa a layin ya sani. Duk in ya ja injin sau biyu sai ya ɗaga, ya ɗora bayan yatsunsa a kan ƙarfen, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron magana ta bayan bango. In ɗumin bai wuce na goshin jariri ba, ya ci gaba. In ya wuce, ya koma wani gefen ya bar nan ya huce. Bai taɓa ƙona fentin kowa ba, kuma ba ya faɗin haka da bakinsa, mai fenti ne ke faɗa wa mutane.

Matarsa tela ce. Kekenta na ɗakin gaba, kusa da taga, tsakanin tarin yadi da gwangwanin maɓallai. Ita ta fara gani. Ta ga ya ɗauki kofin shayin da ita ba ta iya riƙewa sai da gefen mayafi, ya riƙe shi har ya shanye. Ta ga yana kokawa da maɓallin riga da safe, yatsun suna zamewa kamar ba nasa ba. Shekarun rawar inji sun bi ta cikin tafinsa sun kwantar da jin da ke yatsun. Ta dai bi rigunansa ɗaya bayan ɗaya ta cire ƙananan maɓallan ta sa manya, ta faɗaɗa ramukansu. Shi ma ya gani, ya ci gaba da sa su kamar da can haka suke.

Babbar 'yarsu, wadda ke aiki a shagon magani, ba ta da irin wannan kawaici. Ta sayo masa sabon inji, irin wanda faifansa ke juyawa yana kuma 'yar kewaya a lokaci guda, ta ce an gaya mata ba ya tara zafi wuri ɗaya, ba ya ƙona fenti. Madubi ya kunna shi sau ɗaya, ya ji yana makyarkyata a hannunsa, ya yi dariya ya ce wannan ai zazzaɓi yake yi. Ya raɗa masa suna Mai Karkarwa, ya mayar da shi kwali, ya tura ƙarƙashin benci. Ya shekara a can.

Wata safiya yana kan gefen wata baƙar mota, ya ɗora bayan yatsunsa, suka ce masa da sauƙi. Ya ci gaba. Hancinsa ne ya gaya masa gaskiya, da ƙaurin fenti ya taso, kuma hanci kullum a makare yake zuwa. A kan kaifin ƙofar ga wani tabo fari-fari kamar faɗin ɗan yatsa. Mai fenti ya zo ya duba, ya cire ƙofar, ya sake fesa ta. Bayan mako uku abin ya sake faruwa a murfin injin wata motar.

Ranar mai fenti ya jira har rumfar ta yi shiru da azahar, ya jawo benci ya zauna kusa da shi. Da wasa ya fara, kamar yadda suka saba, ya ce masa tsoho, alhali shi ne ya girme shi da shekara ɗaya. Daga nan ya ce yana neman wanda zai zauna a bakin ƙofa ya riƙa karɓar makullai yana yi wa masu mota bayani, mutum mai fuska da baki, kuma kujerar tana da matashi. Madubi ya fahimci abin da ake gaya masa. Ya daɗe yana kallon hannayensa a kan gwiwa.

"Ba ni mota ɗaya," ya ce. "In na ɓata ta, da kaina zan ɗauki kujerar."

Mai fenti ya nuna wata shuɗiyar mota da ke inuwa. Ta wata malamar makaranta ce da ta yi ritaya, shekararta ashirin a hannunta, kuma Madubi ya goge ta sau huɗu, don haka ya fi kowa sanin fatar ta yi siriri. Malamar za ta zo ɗauka ranar Alhamis da la'asar. Sharaɗi ɗaya mai fenti ya sa: da Mai Karkarwa za a yi. Ya ɗauki tsohon injin ya kulle a kabad ɗinsa, ya jefa makullin a aljihu.

Madubi ya wanke motar, ya tsane ta, ya manna tef a bakin robobi da fitilu. Ya ɗiga man gogewa ɗigo huɗu a kan soso, ya ɗora a murfin inji, ya kunna. Injin ya yi ta ruri, man ya baje, ya share da ƙyalle ya haska fitila. Zanen yana nan yadda yake, har da ɗan hazo a kai. Ya ƙara mai, ya sauya soso, ya ƙara gudu. Da ya ga ba ya ci, sai ya yi abin da jikinsa ya ba shi, ya kwantar da kafaɗa ya danna. Litinin ta wuce haka, Talata ma ta bi ta. Mai fenti yana wucewa da bindigar feshinsa yana kallon wani wuri daban. Masu walda na maƙwabta suka fara tambaya ko Mai Karkarwa ya samu sauƙi. Madubi ya amsa musu da dariya, amma da ya koma gida bai taɓa abinci ba, kuma ranar Laraba ya fita ya bar kwanon abincin ranarsa a kan keken ɗinki.

Matar ba ta cika zuwa garejin ba. Ranar ta rufe keke, ta ɗauki kwanon, ta zo da tsakar rana, tef ɗin awo har yanzu a wuyanta. Mai fenti ya tarbe ta da amaryarmu, ya ce yau rumfa ta yi baƙuwa, ta ce amaryar da ta yi jika uku ai sai dai a gaishe ta da ƙafa. Ya ba ta benci. Ta zauna ta ce ba za ta tafi ba sai ta ga an buɗe kwanon. Madubi ya ce bari ya ƙarasa wannan gefen.

Ta zuba masa ido kamar yadda take kallon allura in ɗinki ya fara tsalle. Ta ga jijiyoyin hannunsa sun tashi, ta ga soson ya baje a ƙarƙashin nauyinsa. Can ta ɗaga hannu, ya kashe injin.

"Baban yara, abin nan juyawa ya kamata ya yi?"

"To me kike ji yana yi, Tela? Waƙa?"

"Kuka yake yi, amma ba ya juyawa. Rawa kawai yake a wuri ɗaya."

Ya ce ba zai yiwu ba, ga ƙara nan har kunne na toshewa. Ta ce ita ma kekenta yana ƙara in zare ya sarƙe, kuma ko taku ɗaya ba ya ɗinkawa. Ta laluba jakarta ta fito da guntun allin da take zana yadi, ta karɓi injin, ta ja farin layi ɗaya a bayan baƙin faifan daga tsakiya zuwa baki. Ta ce ya kunna ya kalli layin, ya bar kallon motar.

Ya kunna a sama, layin ya ɓace ya zama farin zobe. Ya ɗora a kan murfin ya danna yadda ya yi kwana biyu yana yi. Zoben ya watse, layin ya fito sarai, ya tsaya cik yana makyarkyata a wuri ɗaya. Tsohon injinsa ko ka hau kansa ba ya tsayawa, shi ya sa bai taɓa kawo wa ransa ba. Wannan kuwa in an matsa masa sai ya daina juyawa, ƙararsa ba ta sauya ba, kuma yatsun da za su gaya masa ya yi nauyi ba sa magana.

Ya sassauta kafaɗa. Layin ya motsa. Ya ƙara sassautawa, layin ya kama zagayawa a hankali, kamar hannun agogo mai sauri. Ya karkata injin kaɗan, layin ya tsaya. Ya daidaita shi ya kwanta sosai, ya ci gaba. Matar ta ce haka take gaya wa masu koyon ɗinki, kar su tura yadi, su riƙe shi kawai keke ya ja abinsa. Madubi ya ɗauki wuri kamar faɗin matashi, ya bi shi daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa, a hankali har mutum zai ce bai motsa ba, idonsa a kan alli. Ya kashe, ya share, ya haska fitila. Cikin shuɗin sai ga ƙwan fitilar zagaye tsaf, ba gezar komai a gefensa, ga kuma rufin kwano da katakonsa sun sauko sun kwanta a ciki.

Ya ɗora bayan yatsunsa a kai don sabo, bai ji komai ba. Ya tsaya. Sai ya naɗe hannun riga ya ɗora cikin damtsensa, inda fata ke da rai har yanzu. Ɗumin goshin jariri. Sannan ya zo ya zauna ya buɗe kwanon.

Aikin ya ci sauran Laraba da safiyar Alhamis. Allin yana gogewa, yana sake ja, domin ta bar masa guntun. Da aka kusa la'asar ya cire tef, suka tura motar waje cikin rana, wadda ba ta rufa wa mai gogewa asiri. Mai fenti ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa yana duban kaifin ƙofofi. A ƙofar baya ya tsaya ya sa farce a wani dogon zane da bai fita ba.

"Wannan fa?"

"Ya yi zurfi. In na bi shi zan huda. Na kashe masa kaifi na bar shi."

Mai fenti ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya ce wanda ya san inda zai tsaya bai isa zama kujera ba tukuna, amma tsohon injin ya zauna a kabad ke nan. Madubi ya ce ya riƙe shi. Sannan, yana kallon motar, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, cewa yatsunsa sun fi shekara ba sa jin zafi. Mai fenti ya ce ya sani, tun ranar da ya ga ya ɗauki ƙarfen da mai walda ya ajiye yanzu-yanzu. Ya ce gobe da safe babbar 'yar Madubi za ta raka shi a duba hannun, sun riga sun yi magana, kuma kar ya yi masa musu, shi ne babba.

Malamar ta zo a kan lokacinta. Ta tsaya gaban ƙofar direba, ta kalli kanta a shuɗin, ta gyara zaman tabarau, ta ce ita kam ba ta nemi a nuna mata tsufanta haka ƙarara ba. Madubi ya nuna mata zanen da ya bari ya gaya mata dalili. Ta ce jikanta ne da kekensa, a bar shi.

Yana nan a rumfar har yau. Mota takan ɗauke shi kwana uku a maimakon biyu, kuma yakan ajiye injin duk bayan rabin sa'a ya murza yatsunsa, kamar yadda likita ya ce. Masu walda sun ba shi shawarar ya ja layin da fenti ya huta. Ya ƙi. Duk ranar Litinin kafin ya fita, matarsa takan ɓalli guntun alli ta sa masa a aljihun riga, ta ɓalla masa babban maɓallin a kai.