Ƙafafun Kujerar Kafinta

A ofishin rajistar fasalin kaya, wani dattijon kafinta yana gabana, garin katako maƙale a girarsa. Zanen kujera ne a hannunsa: gaba, baya, gefe, har ƙarƙashinta. Ina jin ƙasashen waje yake son kai ta kafin wani ya kwaikwaya.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, abin da ka ƙirƙira, ja shi da cikakken layi. Wanda ba naka ba, ɗigo-ɗigo."

Ya ƙura wa ƙafafun kujerar ido, gumi na tsattsafo masa.

"'Yata, ƙafafun nan na maigidana ne, Allah ya ji ƙansa."

Ya koma gefe riƙe da robar goge fensir. Har aka sallame ni, bai iya mayar da maigidansa ɗigo-ɗigo ba.